Allurar da Ta Daskare a Firjin Zoɓo

Zuwa ga Babban Likita,
Asibitin mata da nake zuwa a Samaru.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da aiki, kai da ma'aikatanka. Sunana Hajara, ɗinki nake yi a Jushi. Shekara goma sha ɗaya da aurena ko ɓatan wata ban taɓa yi ba, bana kuma na cika talatin da tara. Ban kama sunan asibitinku ba, kun san kanku. Na rubuto ne kan kalma ɗaya da aka sa a katina, wai na yi sakaci da magani. Saboda ita aka cire sunana daga matan da za ku yi wa rangwame a zagaye na biyu na maganin haihuwa.

Na ɗaya. Ranar da aka ba ni alluran, abin da aka ce min kawai in ajiye su a firji. An tambaye ni shekaruna da ranar al'adata, har kakata sai da aka tambaya ko ta haihu da yawa. Ba wanda ya tambaye ni ko ina da firji. Ba ni da shi, randa gare ni. Wutar layinmu kuwa baƙuwa ce, takan leƙo ta gaishe mu ta wuce.

Na biyu. Na kai alluran wurin maƙwabciyata Maman Dauda, matar wani malamin coci, mai sayar da zoɓo. Ita ke da firji da janareta. Don ta mutunta ni sai ta kwashe robobinta, ta sa alluran can ƙasa inda ƙanƙara take, a ganinmu inda ya fi sanyi ya fi kyau. Kwana goma kullum da safe nakan ɗauko ɗaya, in dunƙule ta a hannu har ta narke, sannan in kai wa mai kemis ya yi min. Ban tsallake rana ko ɗaya ba. Da hoto ya nuna ƙwan bai girma ba, ni da bakina na ba da labarin, ina ma alfahari. A nan ne na fara jin cewa allurar da ta daskare ta mutu. Na yi kuka, Maman Dauda ta fi ni.

Rashin sani ya fi dare duhu, na yarda. Amma sanin a hannunku yake, likita. Matar da ke da firji a ɗakinta ba ta fi ni son ɗa ba, wurin ajiya ta fi ni.

Don haka ina roƙo a goge wannan kalma, a mayar da sunana. Ku riƙa tambayar kowace mace inda za ta ajiye magani, wadda ba ta da wuri ku ajiye mata a naku firjin. Zuwa Samaru kullum bai fi ƙarfina ba. Jiran wata shekara ne ya fi ƙarfina, kai ma ka faɗa min haka da ka ga shekaruna.

Ranar Litinin zan zo da katina, in Allah ya yarda, kuma a layin masu zagaye na biyu zan zauna.

Allah ya ƙara maka basira, ya raya maka zuri'arka, ya sa wata rana ka ɗauki tawa a hannunka.

Wassalam.
Hajara mai ɗinki, Jushi, Sabon Gari.