Sujadar da Babu Mai Amshi

Yaya Saratu,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya gida, yaya yara, yaya ƙafar Baba? Ni lafiya lau nake a Madina, sai kewa.

Labari ya iso ni cewa kun hana Maman Dauda shiga layin waƙa don ba ta da sabon zanen zumuntar mata. Haba, Yaya! Zane ake yi wa sujada?

Nan babu coci, Lahadi ma aiki nake a asibitinmu da ke wajen iyakar Harami. Juma'ar nan da na samu hutu, na kulle ɗaki na durƙusa da rigar aikina. Waƙar a maƙoshi na yi ta, kada maƙwabta su ji. Ba mai buga tulu, ba mai amshi. Na gama addu'a, na jira a ce amin, sai ƙarar kandishan. Duk da haka Ubangiji ya ji ni, na tabbata.

Zanena yana cikin akwatin Mama, ki ba ta. Ki gaishe ta, ki gaida Baba, ku sa ni a addu'a. Da zan same ta nan, ko da tsumma ta zo, ni zan yi mata amshi.

Ƙanwarki,
Rifkatu