Tulun da Aka Ɗora wa Iya Dije

Daren Laraba, unguwar Sentul, nan ƙasar waje. Ƙirjina ya yi nauyi tun la'asar, rawar hannuna kuma ta ƙaru.

Na sake fito da hoton kakata, Iya Dije. Fumfunar da na gani a gefensa makon jiya ta hau har wuyanta. Danshin garin nan ba ya raga wa takarda.

Zabiya ce da ake aikowa daga nesa a ɗauke ta zuwa biki. Amma da Bature mai hoto ya zo, sai ya karɓe shantunta, ya ɗora mata tulu a ka, ya rubuta a ƙasan hoton wai mace mai ɗiban ruwa. Har ta rasu tana cewa, "Ni da ko randar gidanmu ban taɓa cikawa ba!" Duk mai iya ƙaryata rubutun nan ya mutu, saura ni. Ɗazu kuma sai da na daɗe ina lalube kafin sunan garinsu ya faɗo mini.

Hajara, wata ɗaliba da ke zaune a unguwar Taman Melati, ta ce, "Baba, bayan magariba zan zo in ɗauki labarin Iya Dije da waya, kana faɗa ina rubutawa." Shayin da na ajiye mata ya huce. Ba ta zo ba.