Malamata Ta Shiga Layin Masu Taɓa Ƙafata

Anti Kalindi, don Allah ki taimake ni, abin nan ya fi ƙarfina. Na rasa wanda zan faɗa wa ya gane, mijina ma dariya yake yi mini.

Ni 'yar sandan hanya ce a da, a nan Nashik. Shekaru na yi ina tsaye a mahaɗar tituna, hayaƙi a fuska, hon a kunne, masu babur suna zagina a fili ina ramawa a zuci. Ban san ina yawo da haƙora a cije ba sai da ɗaya ya tsage. Ƙirjina kullum kamar an ɗaure shi da igiya. Likita ya auna ni ya ce lafiyata lau, damuwa ce kawai. Kawai fa ya ce, Anti! Maƙwabciyata ce ta ja ni, ina gunaguni, zuwa ajin yoga, wato horon jiki da numfashi, na Malama Indumati a saman wani tsohon gida kusa da kogi.

Ranar farko ko yatsa ba ta sa na lanƙwasa ba. Ta ce in kwanta, ta ɗora mini ɗan ƙullin shinkafa a kan cibiya, ta ce in ɗaga shi da numfashi. Ni da nake tsayar da babbar mota da hannu ɗaya, na kasa ɗaga shinkafa. Da iskar ta samu ta sauka cikina, sai na ji hawaye yana gangarawa cikin kunnuwana. Har yau ban gama mamaki ba. Ashe duk shekarun nan da rabin numfashi nake rayuwa, sauran yana jikina ban sani ba.

Na liƙe mata. Mace ce mai faɗa, yabo kuwa sai ka yi da gaske. Takan ce mini, "Sajan, ƙafar nan ba direba ba ce, daina yi mata tsawa." Bayan shekaru, wata safiya ta tashi daga ɗan katakon da malami ke zama a kai ta ce in hau. Haka na ajiye kaki na koma koyarwa. Ba a jima ba mantuwar tsufa ta kama ta, 'yarta Manjiri ta ɗauke ta zuwa gidanta, ajin ya dawo hannuna.

A daminar nan Manjiri ta kawo ta, wai likita ya ce a riƙa kai ta wuraren da ta saba. Na ruga zan taɓa ƙafarta, yadda muke gaida malamai a nan, ta janye ta gaishe ni kamar baƙuwa. Ba ta gane ni ba, ba ta gane ɗakin ba. Ta shimfiɗa tabarmarta a sahun baya cikin sababbin ɗalibai.

Anti, da kin ga abin da na gani. Matar da sunan 'yarta ke ɓace mata, ina cewa a ɗaga hannu a ja numfashi, sai jikinta ya kama hanya shi kaɗai. Ta haura tamanin, amma ta naɗe kamar zane ta warware, ba ka ko jin fitar numfashinta. Duk ɗakin aka tsaya kallo, ni ma na manta abin da zan ce gaba. Tsigar jikina ta tashi. Ban san a ina jiki yake ajiye abin da kai ya zubar ba, amma na gan shi da idona, kuma ban taɓa ganin abin da ya kai shi kyau ba.

Da aka tashi, ɗalibai suka yi layi suna taɓa ƙafata kamar kullum. Ina ɗaga kai na ga Malama a layin. Tana sunkuyawa na yi tsalle da baya har na ture butar ruwa. Ta dube ni a tsorace ta ce, "Malama, na yi kuskure ne?" Ni fa take ce wa Malama.

Tun ranar, da an kusa tashi sai in sulale banɗaki in zauna har kowa ya watse. Manjiri ta ce Malama tana tsayawa tana waige-waige tana nemana. Tsofaffin ɗalibai sun ce abin kunya ne, ko a mayar da ita kan katako ko a daina kawo ta. Mun gwada katakon. Ta ga idanu a kanta ta rikice, ta fashe da kuka tana neman ƙofa, ranar ko abinci ta ƙi. Manjiri kuma ta roƙe ni kada in hana ta zuwa, ta ce ranar aji ce kaɗai take cin abinci sosai, ta yi wanka ba rigima. Mijina cewa ya yi, "To ki riƙa zuwa da takalman kakinki mana, wa zai taɓa waɗancan?"

Igiyar ƙirjin nan ta dawo. In na tsaya ta taɓa ƙafata, ban san da wane ido zan kalli kaina ba. In na ce a daina kawo ta, na raba ta da abu ɗaya da ya rage mata. Ya zan yi?

Tsohuwar Sajan, Nashik

Ƙanwata,

Nauyin da kike ji daidai ne. Ɗalibar da za ta miƙa wa malamarta ƙafa ba ta ji komai ba, ita ce abin tsoro. Tsofaffin ɗaliban ma ba mugunta ce ta sa su magana ba, darajar Malama suke karewa. Sai dai kun gwada shawararsu ta farko, kin ga yadda ta ƙare. Ta biyun kuma Manjiri ta faɗa miki abin da za ta jawo, ita ce ke kwana da tashi da ita. Saboda haka kada ki hana ta zuwa.

Ɓuyan banɗaki ma ki daina. Ke yake yi wa sauƙi, ita kuwa a tsaye yake barinta tana zaton ta yi laifi. A yau Malama Indumati ɗaliba take ganin kanta, ɗalibar da take son ta burge malamarta. A wannan matsayin take samun natsuwa, ki bar mata shi.

Ga abin yi. Ki zauna da tsofaffin ɗaliban, Manjiri ta gaya musu da bakinta yadda gida yake. Ki tambayi likitan Malama motsin da ya kamata ta bari, don jiki yana iya tuna abin da ƙashi ba zai ƙara ɗauka ba. Ki sa tabarmarta kusa da bango, wata gogaggiya a gefenta. In ta zo layi, ki yi abin da manyanmu suke yi: ki tare ta a kafaɗa kafin ta kai ƙasa, ki rungume ta, ki ce mata ta yi kyau yau. Ranar da ta riga ki kaiwa, ki tsaya cak ki haɗiye. Ba ki wulaƙanta ta ba.

Ƙirjinki kuma, na fi zaton kewa ce. Kin rasa malamarki alhali tana zaune a gabanki, kuma ba wanda ya yi miki jaje. To ni na yi miki. Ki yi kukanki, ki sami ajin da za ki riƙa zuwa ki zauna a sahun baya, in ɗaurin bai saki ba ki koma wurin likita.

Saura gaisuwarki da ta ƙi karɓa. Ai malama tana da ikon gyara wa ɗaliba tsayuwa. Kowace safiya, in sun tsaya a kan tabarma, ki zaga sahun baya ki durƙusa a gabanta, ki sa hannu biyu ki daidaita mata ƙafafu. Na san ba sa buƙatar gyara. Ita za ta ga malama mai kula da ita, ke kuma kin san abin da kika je yi.

Allah ya ba ta sauƙi, ya ba ki ƙarfin zuciya.

Anti Kalindi