Kunyoyin Linux Takwas da Jarrabawar Asiya

Daga: Malama Aina'u Ikrima
Cibiyar Koyon Kwamfuta, Tsamiyar Liman, hanyar Makoda
Litinin, 14 ga Afrilu, 2025

Zuwa: Alhaji Kamaruddeen Nababa
Shugaban Kwamitin Amintattu, Ƙungiyar Cigaban Tsamiyar Liman

Ranka ya daɗe,

Game da: Mayar da ajin kwamfuta gonar gwajin iri

Bayan sallama da fatan Alhaji yana lafiya, ni ce malamar ɗalibai takwas da ke shirin jarrabawar shiga manyan makarantu, wadda za su zauna da kwamfuta ranar Asabar, 26 ga wannan wata. Ina kawo ƙorafi a kan manajan cibiya, Malam Abdulkabir, tsohon malamin gona, wanda ba na shakkar iliminsa a kan gyaɗa.

1. Ranar 3 ga Fabrairu, Injiniya Zaharaddini ya zo daga Kano domin ɗora wa kwamfutocinmu Linux, manhajar da kowa ke iya ɗauka kyauta. Ya bayyana cewa iri-iri ce. Akwai wadda aka yi wa saba, wato babbar na'urar da ke ajiye tambayoyin gwaji tana raba wa sauran, akwai kuma wadda aka yi wa mai koyo. Ya ba da shawarar a sa wa saba Debian saboda zamanta daram, a sa wa ɗalibai Mint gaba ɗaya saboda sauƙinta. Bayani ne wanda ko ni na gane.

2. Malam Abdulkabir, Allah ya ƙara masa basira, ya ji kalmar iri, sai shekara talatin na aikin gona suka motsa. Ya sanar da mu cewa bai taɓa karɓar iri da bakin mai kawo shi ba, sai ya gwada. Ya sa aka ɗora wa kowace kwamfuta nata: nan Fedora, nan Arch, can openSUSE, har takwas, ya kafa wa kowace ɗan allon kwali da sunan iri da ranar shuka. Ya yanke wa gwajin kwana casa'in cif. Injiniya ya yi magana har sau uku, daga baya ya yi abin da aka ce, ya hau mota.

3. Aka rubuta sunayen ɗalibai aka zuba a hula, kowa ya sami kunyar shukarsa, wato kwamfutarsa, da dokar ba a canja kujera kada gwaji ya gurɓace. Sakamakon haka, idan na ce a buɗe wuri kaza, ɗalibi ɗaya ne yake samunsa inda na faɗa. Darasin awa guda na zama darasi takwas, kuma Allah bai yi ni da baki takwas ba.

4. Mint, iri na tara, mai kyan fuska da sauƙin hannu, ta faɗa wa saba. Tana can kulle a sito tare da buhunan taki, inda nake fatan ɓeraye suna amfana.

5. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Asiya Tanko. Matar aure ce mai 'ya'ya biyu, tana neman karatun ungozoma, kuma mahaifinta da mijinta sun amince mata da wannan zama ɗaya tak. Hula ta ba ta Ubuntu ta saba: baƙin allo, fararen haruffa, babu hoto, babu aikin linzamin kwamfuta, wato maus. Manhajar ba ta da laifi, ba don mai koyo aka yi ta ba. Mako goma Asiya tana takowa da ƙafa daga bayan fadama ta zauna gaban baƙin allo. Ta iya umarnin da ni ban iya ba, amma ba ta taɓa danna amsa da linzami ba, kuma da shi za a yi jarrabawar.

6. Ranar 7 ga Afrilu na roƙi a ba ta kujerar wani ko na awa guda. Malam ya amsa a rubuce cewa ba a tuge shuka kafin ta nuna, kuma za a duba amfani ranar 4 ga Mayu. Na yaba da tsarin. Kwana takwas kacal ya makara.

Saboda haka ina roƙon Kwamiti, cikin ladabi, ya ba da umarni kafin Juma'a a dawo da Injiniya, a ɗora wa ɗalibai manhaja ɗaya, a bar wa saba tata. Idan Malam yana son ƙarasa bincikensa, hutun damina na tafe.

Ina roƙon a gaggauta, Alhaji. Jiya Asiya ta aiko mini da littafinta na darasi, da saƙon in ba wanda zai amfana. Ta ce ta ga kowa yana ci gaba ban da ita, don haka ta gane kanta ne ba ya ja, kuma tana neman gafarata a kan lokacin da ta ɓata mini. Littafin yana gabana, ban ba kowa ba.

Allah ya ja zamanin Kwamiti. Da dukkan girmamawa,

Aina'u Ikrima
Malamar aji