Ƙorafi Kan Man Auduga a Fitilar Motata

Zuwa ga:
Mai Girma Rais Sayfiddin Olimzoda,
Shugaban Ƙungiyar Direbobin Haya na Hanyar Arewa,
Dushanbe.

Daga:
Nurullo Bobozoda,
Direba mai lamba 17 a Tashar Chinor, kafin a raba shi da ita.

Kwanan wata: 14 ga Oktoba, 2024

Game da: Ha'incin Usto Shodmon mai gyaran fitilu, da neman a mayar mini da gurbina a layin tasha

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina sanar da ofishinka cewa shekara talatin da ɗaya ina ɗaukar fasinja tsakanin Dushanbe da Khujand, ban taɓa rubuta ƙarar kowa ba. Yau na rubuta, kuma ba na jin kunya.

1. Ranar 2 ga Satumba na kai motata wurin Usto Shodmon, wanda ƙungiya ta ba wa rumfa a bakin tasharmu, domin robar fuskar fitiluna ta yi dishi-dishi, ta koma rawaya. Kowa ya san yadda ake aikin nan: a goge da sanfefa da ruwa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, a wanke, sannan a fesa maganin kariya. Aikin awa guda ne cur. Shi kuwa kafin in shanye shayina ya gama, fitilu suna ƙyalli. Na yi masa godiya har da ɗora hannu a ƙirji, abin da har yau yake ci mini rai.

2. Tun daga ranar, kullum da safe sai ya zo da tsumma da wata kwalba mai rubutun ƙasar waje ya shafe mini fitilun, wai alheri ne yake yi wa dattijo. A tasha suna walƙiya. Amma kafin in kai ramin dutsen nan da muke ratsawa, inda ko da tsakar rana duhu ne, sai haske ya zama kamar na kyandir. Da na isa Khujand na ga ƙura ta manne musu, na ɗauka ta hanya ce.

3. Ranar 9 ga Satumba, da misalin ƙarfe sha ɗaya na safe, na tsaya cak a tsakiyar ramin da fasinja huɗu, ciki har da mace mai goyo, don ban ga komai a gabana ba. Manyan motoci suna danna oda a bayana, sai da wani fasinja ya leƙa ta taga yana faɗa mini hagu da dama muka fita.

4. Washegari na tunkari Usto Shodmon. A gaban direbobi ya shafa tsummansa, ya nuna musu ƙyallin, ya ce fitila ba ta da laifi, mai ita ne ya tsufa, in je a duba mini ido. Aka yi dariya. Shugaban tasha, Aka Zoirsho, ya ja ni gefe ya ce gara in sauka da mutuncina kafin in kashe mutane. Na yarda da su, ranka ya daɗe. Mahaifina ya makance yana da shekaruna, kuma tasha duka ta san haka.

5. Ranar 21 ga Satumba na dafa osh, shinkafa da nama, na ban kwana, kamar yadda direban da ya ajiye tuƙi yake yi. Dattawa suka ɗaga hannu aka yi fatiha, aka shafa, na miƙa gurbina ga wanda Aka Zoirsho ya kawo, wato Behruz, ƙanin matar Usto Shodmon. Shi kansa Uston yana zaune a kan shimfiɗata, ya ci, ya ƙara, har da neman ɓangaren kitse. Ban ce shiri ba ne, tunda ba ni da shaida. Amma ni ma Allah ya ba ni kai.

6. Ranar 29 ga Satumba matata Gulniso ta wanke motar don za mu nuna wa mai saye. Da ta kai kan fitilu ta ji maiƙo, ta shinshina tsumman, ta kira ni. Shekara arba'in tana girki da man auduga, ba ta buƙatar masani ya faɗa mata warinsa. Man da muke soya albasa da shi mutumin nan ya ɗura a kwalbar waje. Mai yana ɓoye dishi-dishi na awa ɗaya, daga nan ya kama duk ƙurar hanya ya riƙe.

7. Ranar 1 ga Oktoba likitan ido ya duba ni, ya ce tabarau na karatu kawai nake buƙata. Takardarsa tana haɗe da wannan. Ranar 3 wani usto, wato gwanin gyara, a wata unguwa ya yi aikin yadda ake yi, ya kuma nuna mini cewa sanfefa ba ta taɓa taɓa robar nan ba. Ranar 5 na ratsa ramin ni kaɗai, ina ganin kowane kududdufi.

8. Ranar 7 ga Oktoba na kai wa Aka Zoirsho duk wannan. Ya ce abin da aka shafa wa fatiha ba a warware shi. Ni ma musulmi ne, a gaban dattawa na girma, na san nauyin fatiha. Amma dattawan nan a kan makaho suka ɗaga hannu, kuma makahon babu shi.

Saboda haka ina roƙon ofishinka, cikin ladabi, ya tara dattawan da suka yi fatihar a faɗa musu gaskiya, a mayar mini da lamba 17. A karɓi kwalbar Usto Shodmon a buɗe a gaban jama'a. A kuma duba fitilun kowace mota da tsummansa ya taɓa, domin gobe da safe ma za su shiga ramin nan da 'ya'yan mutane.

Akwai abin da ban sa wa lamba ba, don ba na tsammanin ƙungiya tana da dokarsa. Kwana goma sha tara na yi ina rufe ido a tsakar gidana, ina koyon tafiya daga ɗaki zuwa ƙofa, ina lalube bango, don in saba kafin duhun ya iso. Na ɗauka ba wanda yake gani. Sai bayan nan Gulniso ta faɗa mini kullum tana tsaye a bayan labule. Wannan ban yafe wa Usto Shodmon ba, kuma ba na roƙon a sasanta mu. Gurbina kawai nake nema.

Allah ya ƙara wa Rais lafiya, ya sa ya yi hukunci da adalci.

Naka cikin biyayya da girmamawa,

Nurullo Bobozoda
(sa hannu)