Ranar da Madam Anjelina ta Zo Gidanmu

Keffi, 4 ga Maris

Ƙanwata Hamsatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da yara. Yaya ƙafar maigidan?

Kin tambayi labarin 'yarki, 'yar farin nan tawa. Tun da ta gama digiri ta gaji da zaman gida, sai ta shiga aikin sa kai a wata ƙungiya mai sayen madara a hannun matan Fulani a Gitata. Da asuba take fita. Tana gwada madara ko an zuba mata ruwa, ta sa a firjin sola, ta koya wa mata wanke ƙwarya da ruwan zafi. Kin ga inda digiri ya ƙare. Na karanta littattafai cike da kabad, ban ga wanda aikin kyauta ya yi wa riga ba, na kuma gaya mata haka.

Amma tsakanina da ke, yarinyar ta iya. Har Fulatanci ta koya. Rannan wata tsohuwa, Nana Hauwa, ta biyo ta gida tun daga ruga da man shanu, tana ta sa mata albarka. Ni dai na ɗaga jarida na rufe fuska.

An ce za su ɗauki mutum ɗaya cikin masu sa kan aiki na dindindin, su tura shi horo. Shugabarsu, Madam Anjelina, za ta zagaya gidaje ta ji ko iyaye sun amince, saboda aikin na yawo ne. Ki taya yarinyar da addu'a.

Yayanki,
Zailani

Keffi, 19 ga Maris

Hamsatu,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Uwargida Mu'mina tana gaishe ki, ko da yake ni kwana biyun nan ba ta cika gaishe ni ba.

Madam ta zo. Mace mai fara'a, Hausarta ta kasuwa, ba ta daɗe a ƙasar nan ba. Ta zauna a falo ta hau yabon yarinyar a gabana, Raihana kaza, Raihana kaza, ita kuma tana tsaye da tiren lemo. Kin san yadda aka rene mu. Baba bai taɓa kiran sunana ba har ya rasu, balle ya yabe ni a gaban baƙo. Kunya ta rufe ni, sai bakina ya yi abin da ya saba. Na ce wannan ai ko shayi sai an tashe ta take dafawa. Na ce rage lokaci take yi kafin aikin kirki ya samu a Abuja. Har dariya na yi, ina jira Madam ta ce haba Malam, kamar yadda kowace baƙuwa a garin nan za ta ce, ta ƙara yabon, ni kuma in ƙara ƙi, a tashi kowa ya gane.

Ba ta ce haba Malam ba. Ta dube ni, ta dubi yarinyar, ta ce ta gode da na gaya mata gaskiya. Ko lemon ba ta shanye ba.

Mu'mina ta ce na yi ɓarna. Na ce ai duk mai hankali ya san uba ba ya yabon ɗan fari. Ta ce to Allah ya sa a garinsu Madam ma haka ake yi.

Naki,
Zailani

Keffi, 10 ga Afrilu

Ƙanwata,

Allah ya sa takardar nan ta same ku lafiya. Mu ma lafiya, ta jiki.

An ba wani yaro Manasseh aikin. Yaron kirki ne, ba ni da abin cewa a kansa. An ce da Madam ta je gidansu, sai da mahaifinsa ya fito da takardun yabonsa tun na firamare.

Na sa babbar riga na tafi ofishinsu. Ni da nake koyar da adabi shekara da shekaru, na tsaya ina yi wa baƙuwa darasin al'ada, ina gumi. Na faɗi duk abin da ban taɓa faɗa ba game da yarinyar. Madam ta saurara har ƙarshe, ta ce ita ma Raihana ta fi so, amma ba za su kashe horo a kan wadda ubanta ya ce tana kan hanyar Abuja ba. Sunan Manasseh ya riga ya tafi. Sai wata shekara, in an samu gurbi.

Yarinyar ba ta yi fushi ba, da ta yi ma da na samu sauƙi. Har yanzu da asuba take fita Gitata. Abin da ya hana ni sukuni shi ne ta tambayi uwarta, wai abin da na faɗa ran nan, haka nake ganinta da gaske?

Hamsatu, ke gwaggo ce, an yarda ki yabe ta. Don Allah ki zo ko na kwana biyu ne, ki gaya mata abin da na rubuta miki a takardar farko, ki ce daga bakina kika ji. Na gwada da kaina shekaranjiya. Na kira ta, ta zo ta durƙusa tana jira. Na buɗe baki, sai na ji ina tambayarta ko ta ga tabarauna. Ta tashi ta nemo min.

Ki gaida maigidan da yara.

Yayanki,
Zailani