Gurmin da ke Bangon Almustafa

Al-Jaradiya, Riyadh
6 ga Maris

Zuwa ga Azumi, uwar Shafa'atu,

Bayan sallama, ina fata kuna lafiya, ke da yarinya da Inna. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, sai aikin tuƙi.

Na zaɓi takarda ne saboda ban yarda da muryata a waya ba.

Ranar Juma'a, a wani gidan abinci na 'yan gida a unguwar Batha, aka kunna shirin barkwancin da aka sa Shafa'atu a ciki. Wani mai gadi da ke kusa da ni ya ce yarinyar ta ɗebo kamannin ubanta sak, yana nuna Almustafa, ɗan wasan da ke fitowa a matsayin mahaifinta. Ban gyara masa ba. Tuwon ma ban ƙarasa ba.

Na kalli kashi goma sha ɗayan duka. Sau arba'in da uku ta kira shi Baba, na ƙirga. Ni kuwa a waya gaisuwa ce kawai, sai ta miƙa miki. Na sani, tana shekara uku na taho, yanzu tana bakwai.

Amma gurmin da ke rataye a bangon ɗakinsa nawa ne, Azumi. Na gane ɗinkin da na yi wa fatar bayan wani biki a Gumel. Shekara goma sha biyu ina yawon ƙauyuka da shi kafin na kama sitiyari. A kashi na bakwai mutumin ya sauko da shi, ya riƙe kamar ludayi, aka yi ta dariya.

Ba na zarginsa da komai. Sana'arsa yake yi, kuma ya iya, abin da ya fi ci min rai ke nan. Ki karɓo gurmin. Yarinyar kuma, in wannan zango ya ƙare, ta huta haka.

Ki gaida kowa.
Mijinki,
Badamasi

Al-Jaradiya, Riyadh
15 ga Maris

Azumi,

Sallama da fatan alheri. Na ji daɗi da ƙafar Inna ta yi sauƙi.

Amsarki ta iso. Kin ce ba wanda ya ari gurmin. Shafa'atu ce ta rungumo shi ranar farko, ta ƙi cewa Baba har rana ta yi tsaka, sai da darakta ya rataye shi daidai bayan kan Almustafa.

Ban gaskata ba. Jiya, ina jiran kafilina, wato maigidan da nake wa tuƙi, a ƙofar wani ofishin jakadanci, na sake bin shirin daga farko. A arba'in da ɗaya cikin arba'in da ukun, idonta yana saman kafaɗarsa, a kan bango. Da na ɗauka rashin iya wasa ne.

Ki bar gurmin inda yake, ki bar ta ta ci gaba. Na lura tsirkiya ɗaya ta saki. Kada kowa ya ɗaure ta. Na nemi ijaza, wato hutu, bayan Sallah, in an ba ni zan ɗaure da hannuna, tana kallo.

Sauran biyun da suka cike arba'in da ukun kuwa suna kashi na biyar, inda ya kawo mata alewa. Nan shi ta kalla, ido cikin ido, har da murmushi. Waɗannan ban yafe ba tukuna.

Ki shafa min kanta.
Naki,
Badamasi